Filin Likitan Dabbobi: Awon Sugan Mage a Gida

Yawancin wasiƙun wannan fitowar a kan abu guda suka zo: magen da aka samu da ciwon suga, aka ɗora ta a kan allurar insulin, aka ce wa masu ita su riƙa auna jininta a gida. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muzuruna shekararsa 9, nauyinsa kilo 6. Ya kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari na cika masa kaskon yashi, yana ci amma yana ramewa. Likita ya ce suga ne, ya sa masa insulin safe da yamma, ya ce in riƙa awo a gida. Na yi ta sokar kunnen har ya fara guduna, ko ɗigon jini ban samu ba. Ba gara in riƙa kai shi asibiti a auna ba? Daga wata uwa a Hindawiyya, Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki karaya, awon gidan nan shi ne gaskiyar jikinsa. Tsoro kaɗai yana harba wa mage suga sama. Sa ta a keji, tafiyar mota, warin wasu dabbobi da hannun baƙo kan iya kai sugan lafiyayyar mage 250 har 300, alhali a gida tsakanin 70 da 120 yake zama, a ma'aunin mg/dL. Idan da lambar asibiti kaɗai aka yanke masa yawan insulin, ana iya ba shi fiye da abin da jikinsa ke buƙata.

Galibin masu rasa jini kunne mai sanyi suke soka. A ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana, irin na gidajen Jidda, jijiyoyin kunnen mage a tsuke suke. Ki zuba cokali biyu ko uku na ɗanyar shinkafa a safa, ki ƙulle, ki ɗumama ta kaɗan, ki fara gwada ta a wuyan hannunki don kada ta ƙona shi. Ki ɗora a kunnen na minti ɗaya, har ki ji ya yi ɗumi ya ɗan yi ja. In da tsumma mai ruwan ɗumi za ki yi, ki sa shi a leda, domin jini a jiƙaƙƙen kunne bajewa yake.

Ki haska tocila ta bayan kunnen. Za ki ga wata siririyar jijiya ja tana bin gefen kunne tun daga gindi har sama. Wurin sukar yana tsakanin wannan jijiya da bakin kunnen, wajen rabi na sama. Ki shafa basilin kaɗan sosai a wurin, don jinin ya taru ya yi ɗigo maimakon ya bi gashi. Kada ki goge da sifirit: yana sanyaya kunnen, yana tsinka jinin, warinsa kuma yana korar mage.

Tsinken awon, wato ɗan siririn abin da ke zuƙe ɗigon jinin, ki zura shi rabi a na'urar awon suga tun kafin ki fara, sai kin gama ɗumama kunnen ki ƙarasa tura shi, saboda na'urar kan mutu da kanta in ta jira minti ɗaya ko biyu babu jini. Ki ninka auduga ki tokare cikin kunnen da ita, ta riƙe kunnen ta kuma kare yatsanki. Allurar sukar ki nemi mai ɗan kauri, lamba 26 ko 28. Masu lamba 30 zuwa sama, waɗanda mutane suka fi so don yatsa, sun yi siriri, hujin yana rufewa kafin jini ya fito. Ƙarar da alƙalamin sukar ke yi daf da kunne ita ce ke firgita mage da yawa, don haka ki riƙe allurar da hannu, ki soka a karkace, sau ɗaya, da sauri. Hannun da ke jin tausayi yana taɓawa yana janyewa shi ne ya fi ba da zafi.

Ki jira daƙiƙa biyar. In ɗigon bai fito ba, ki shafo kunnen a hankali daga gindi zuwa wurin hujin. Kada ki matse da ƙarfi, don ruwan jiki kan gauraya da jinin ya rage lambar. Ɗigo kamar ƙwayar gero ya wadatar. Ki taɓa shi da bakin tsinken, zai zuƙe da kansa. In bai cika ba, ki jefar ki ɗauki sabo, domin rabin jini lambar ƙarya yake bayarwa. Daga nan ki danne wurin da auduga ta ɓangarorin biyu na daƙiƙa 20 zuwa 30 don kada jini ya taru a ƙarƙashin fata, ki ba shi ɗan dafaffen naman kaza mara gishiri mara albasa, domin albasa guba ce ga mage. Ki ba shi ko an samu jinin ko ba a samu ba.

In kin gwada sau uku bai yiwu ba, ki bari zuwa an jima. Ki riƙa canja kunne. In allurar ta huda ta fita ta ɗaya gefen, babu illa. Bayan mako ɗaya ko biyu kunnen kansa yakan fara ba da jini cikin sauƙi.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon suga, akwai na'urar awo a gida. Zan iya auna magenmu da ita, ko dole sai ta dabbobi? Daga wani matashi a Shara Mansur, Makka.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na'urar mutane tana yin aiki, amma ka san halinta. A jinin mutum kusan kashi 58 cikin 100 na suga yana cikin ruwan jini, sauran yana cikin jajayen ƙwayoyi. A mage fiye da kashi 90 yana cikin ruwan jini. Na'urar mutane da lissafin jinin mutum aka gina ta, shi ya sa takan nuna wa mage da kare lambar da ta gaza ta gaskiya. Bambancin kaɗan ne in sugan yana ƙasa, yana faɗaɗa in ya hau. Akwai na'urorin da aka yi don dabbobi, sananniyar cikinsu AlphaTrak, wadda ake saita mata lambar mage ko ta kare daga jikin kwalbar tsinkenta. Ita ta fi daidaito.

Sai dai tsinkenta ya fi tsada, kuma a wurin likitocin dabbobi ko ta intanet ake samun sa, ba a kantin magani na unguwa ba. A ganinmu, na'urar mutane da za ka samu tsinkenta da tsakar dare ta fi ta dabbobi da tsinkenta ya ƙare. Sharaɗin shi ne ka tsaya a kan guda ɗaya, kada ka riƙa sauyawa, kuma ka kai ta wurin likita a auna jini ɗaya da ita da na'urar asibiti, don ya san yadda zai karanta lambobinka.

Amma ta Baba ka bar masa abarsa, ka sayi wata. Na'urar tana ajiye lambobi, ranar da likitan Baba ya buɗe ya ga 380 na mage zai iya canja masa magani a kan kuskure. Allurar suka kuwa ba a haɗa ta da kowa. Ka kuma duba ma'aunin da take nunawa: in mmol/L ne, ka ninka da 18 ka samu mg/dL, wato 5 ya zama 90, 15 ya zama 270.

Tambaya: Likita ya fara wa magena da yunit 2 sau biyu a rana. Kullum da safe kafin allura ina samun 380 ko 400. Na ƙara zuwa 3, bayan kwana biyu na kai 4. Har yanzu lambar safe ba ta sauka ba, ita kuma ta ƙara laushi. In kai 5? Daga wani magidanci a Madina.

Amsa: Malam, don Allah kada ka ƙara. Ka kira likitanta yau ka gaya masa abin da ka yi, mai yiwuwa ya mayar da ita kan 2 ɗin. Wannan ita ce tambaya mafi hatsari da muka samu.

Lambar da kake gani da safe ita ce ta lokacin da insulin ɗin jiya ya ƙare aiki, takan kasance cikin mafi girma a yinin. Ba da ita ake yanke yawan allura ba. Da mafi ƙanƙantar lambar yini ake yankewa, wadda kan zo awa 4 zuwa 8 bayan allura, a wasu kuliyoyin ma kafin haka, musamman masu karɓar nau'in insulin mai suna Caninsulin. Wannan lokacin kai kana wurin aiki, babu mai aunawa.

Ga misalin abin da zai iya faruwa. Ƙarfe 7 na safe 390, ƙarfe 9 ya zama 240, ƙarfe 11 ya zama 110, ƙarfe 1 na rana ya faɗi 50, ƙarfe 7 na yamma ya koma 420. Mai auna safe da yamma kaɗai zai rantse insulin bai isa ba, alhali da azahar magen tana bakin mutuwa. In suga ya faɗi haka, jiki kan kare kansa, hanta ta sako sugan da ta ajiye, lambar ta yi tsalle sama ta daɗe a can. Mai gida ya ga lamba ta hau ya ƙara allura, gobe faɗuwar ta fi ta yau zurfi. Laushin da ka ce ta ƙara yi shi ne ya fi tayar mana da hankali.

Abin yi shi ne awon yini guda, ranar da kake gida, kamar Juma'a ko Asabar. Ka auna kafin abinci da allurar safe. Ka ba ta abinci yadda ka saba, allura kuma yadda likita ya ce, kada ka canja komai. Daga nan ka auna duk bayan awa 2 har zuwa allurar yamma. In insulin mai suna Lantus take karɓa, wanda aikinsa ya fi tafiya a shimfiɗe, duk bayan awa 3 ko 4 ya isa. Ka rubuta lokaci, lamba, abin da ta ci, da yawan yunit. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar lamba ta tsaya tsakanin 80 da 150, mafi yawan yinin kuma ya kasance ƙasa da 250 zuwa 300, domin daga wajen nan ne ƙoda ke fara zubar da suga a fitsari, ƙishirwa ta biyo baya. Ba a neman ta zama daidai da lafiyayyar mage. In ka ga ƙasa da 80 ko sau ɗaya, allurar ta yi yawa, komai girman lambar safe.

Bayan kowane canji ana jira kwana 7 zuwa 14 kafin a sake taɓawa, kuma da rabin yunit ko yunit ɗaya ake motsawa, da izinin likita. Kwana biyu bai isa jiki ya daidaita ba.

Ka duba sirinjinka ma. Insulin irin Caninsulin da ProZinc ƙarfinsu U-40 ne, wato yunit 40 a mililita ɗaya, Lantus U-100 ne, wato yunit 100 a mililita ɗaya, kowanne da sirinjinsa. Sirinjin da ake sayarwa a kantin maganin mutane kusan duk U-100 ne. In ka ja insulin U-40 da shi, magen ta samu ƙasa da rabin abin da aka rubuta. In ka ja U-100 da sirinjin U-40, ta samu ninki biyu da rabi. In awon yinin ya nuna sugan a sama yake tun safe har dare, sai a bincika sauran dalilai: insulin da ya lalace, allurar da ke zubewa a gashi, ciwon haƙori, cutar mafitsara, maganin kotizon, ko ƙiba.

Tambaya: Ta yaya zan gane suga ya faɗi, kuma me zan yi kafin in isa asibiti? Daga wata ɗaliba a Riyad.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan kowa a gidan ya kamata ya haddace shi, har yara. Alamomin su ne yunwa ta ba-zata, tangaɗi, rawar jiki, kallon wuri guda, baƙin ido ya buɗe, kuka irin wanda ba ta saba ba, barcin da ba a iya tashinta, daga ƙarshe jijjiga. Wasu kuliyoyin ba sa nuna komai sai abin ya yi nisa, dalilin awo ke nan.

In lambar ta yi ƙasa da 70 kuma tana iya ci, ki ba ta abincinta nan take, ki sake aunawa bayan minti 20 zuwa 30. In ta yi ƙasa da 60, ko na'urar ta rubuta LO, ko ta kasa ci, ki lakato zuma ko dibis na dabino da yatsa ki shafa mata a dasashi da cikin kumatu, kaɗan-kaɗan har kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Kada ki ɗura mata ruwa ko zuma in ba ta haɗiya, zai shiga huhu. In tana jijjiga, ki ɗaga leɓe ki shafa daga waje, kada yatsanki ya shiga tsakanin haƙora. In babu na'ura a kusa, ki shafa zumar ba tare da jiran awo ba. Aikin zuma gajere ne, insulin kuma yana nan yana ci gaba da aiki, don haka ko ta farfaɗo ki ba ta abinci ki wuce asibiti, kuma kada ki yi allura ta gaba sai likita ya ce.

Ɗaya gefen shi ma ki san shi. Magen da suganta ke sama, ta daina ci, tana amai, ta kwanta, ana tsoron gubar keton ta taru a jininta. Akwai tsinken awon keton a fitsari a kantin magani. In ya canja launi, asibiti ne a wannan daren.

Tambaya: Ina yi mata allura bayan sallar asuba da bayan magariba don kada in manta. Da azumi kuma tsarin gidan gaba ɗaya juyewa yake. Yaya zan yi? Daga wata Hajiya a Misfala, Makka.

Amsa: Hajiya, dabarar tunawar tana da kyau, amma lokutan salla tafiya suke da rana. Da tsakiyar zafi a Makka, tsakanin asuba da magariba ya kusa awa 15, tsakanin magariba da asuba kuma awa 9 ne kawai. Ke nan da rana insulin yana ƙarewa sugan ya hau, da dare allura biyu suna hawan juna sugan ya faɗi kuna barci. Ki bi agogo, awa 12 tsakani, ki sa ƙararrawa a waya. Saɓanin rabin awa zuwa awa ɗaya ba ya cutarwa.

In kina son matsar da lokacin saboda azumi, ki fara tun kwana goma na ƙarshen Sha'aban, kina jinkirta rabin awa kowace rana. Ki zaɓi lokacin da za a samu wani a farke awa 4 zuwa 8 bayan allura, domin allurar sahur da kowa ya bi ta da barci har azahar ita ce ke barin mage ba mai kallonta a lokacin da ta fi buƙata. Ita abincinta na rana yana nan yadda yake. Ki hana yara ba ta sambusa, shinkafa ko burodi daga faifan buɗe-baki.

In ta ƙi cin abinci, ko awon kafin allura ya yi ƙasa da iyakar da likita ya sa miki, wadda ga sabon shiga kan kasance wajen 150 zuwa 200, ki dakata ki kira shi. In kin yi allura kin ji gashin a jiƙe, kada ki maimaita, ki jira ta gaba.

Tambaya: Na manta tsinken awo da kwalbar insulin a mota tun safe har la'asar. Suna da sauran amfani? Daga wani direba a Jidda.

Amsa: Ka zubar da su duka biyun, ɗan'uwa. Motar da aka rufe a ranar Jidda cikinta na wuce digiri 60. Tsinken awo ana ajiye shi ƙasa da digiri 30, a kwalbarsa a rufe ruf, domin laimar bakin teku ita ma tana ɓata shi. Insulin kuwa tsakanin digiri 2 da 8 a firij, a tsakiyar kanta, nesa da bangon baya inda yake iya daskarewa. Wanda ya daskare ya mutu. Hatsarin lalataccen insulin shi ne a yi ta ƙara yunit don ba ya aiki, ranar da aka buɗe sabuwar kwalba yawan ya yi kisa.

Tambaya: Na ga maɓallin awon suga na FreeStyle Libre da mutane ke mannawa a dantse. Ana sa wa mage? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Dammam.

Amsa: Ana sawa, kuma yana da amfani sosai a makonnin farko ko ga magen da ba ta yarda da suka. Likita kan aske gashi a gefen ƙirji ko bayan wuya, ya manna shi, wani lokaci da ɗigon gam na fata. An yi shi don kwana 14, amma a mage yakan faɗi kafin haka. 'Yar riga tana taimakawa wajen hana ta sosa shi. Shi ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki yake aunawa, don haka yana bin jini a baya da mintoci kaɗan, kuma daidaitonsa na raguwa in sugan ya yi ƙasa. Duk lambar da ta yi ƙasa da 70 ki tabbatar da ita da jinin kunne. Babbar fa'idarsa ita ce yana nuna abin da ke faruwa da dare. Lambobin ki tara wa likita, kada yawansu ya sa ki riƙa taɓa allura kullum.

Tambaya: Tun da na mayar da magena kan abincin gwangwani, lambobinta suka koma 100 zuwa 130 ko kafin allura. Ta warke ne? Kuma karen da ke gadin gonarmu shi ma an ce suga ne, haka zai yi? Daga wani dattijo a Ɗa'if.

Amsa: Baba, albishir ne, amma a yi hattara. Busasshen abinci sitaci ya yi masa yawa, na gwangwani mai yawan nama yana rage buƙatar insulin cikin 'yan kwanaki, kuma mage da dama kan kai matsayin da ba sa buƙatar allura, musamman in an kama ciwon da wuri. Kada ku yi allurar daren yau sai kun yi magana da likita, domin cikakken yawa a kan 110 zai iya kayar da ita. Shi zai rage a hankali. Ko an daina, ku ci gaba da awo sau ɗaya ko biyu a mako, ciwon yakan dawo.

Kare kuwa kusan ko da yaushe allurar ta rayuwa ce. Ana samun jininsa a kunne, ko cikin leɓen sama, ko kantar gwiwar ƙafar gaba. Mafi yawan karnuka masu suga yanar ido kan rufe musu ido cikin shekara ɗaya ko makamancin haka, don haka a riƙa duba idon. In karya ce, a cire mata mahaifa, domin bayan kowane lokacin barbara sugan yakan birkice na kusan wata biyu. Abincinsa kashi biyu daidai, kowanne tare da allura, kuma a samu mutum ɗaya a gonar da zai riƙe littafin awon da kwalbar zuma.